Me ya rage a asibitocinmu daga abin da korona ta koya mana?

Nas Mai Aikin Dare:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya da asuba ina fitowa daga aiki na hango bokitin nan mai famfo da muka ajiye a bakin ƙofar asibitinmu a 2020, wanda ko shugaban asibiti sai ya wanke hannu a jikinsa kafin ya shiga. Yana can bayan ɗakin masu gadi, famfon ya karye, ana tara shara a cikinsa. Na daɗe a tsaye ina kallonsa, har mai adaidaitan da ke jirana ya yi mini hon.

Abin da ya dawo mini a rai shi ne yadda muka juya asibitin nan cikin sati biyu. Muka kafa rumfa a ƙofa, duk wanda ya zo sai an auna zafin jikinsa an tambaye shi tari da numfashi. Masu tari muka ware musu benci can gefe inda iska ke kaɗawa. Aka raba mu gida biyu, rukuni ɗaya ya yi sati yana aiki ɗaya yana gida, don kada cuta ta kwashe mu a lokaci guda. Aka dakatar da tiyatar da za ta iya jira, aka hana dubiya, masu karɓar maganin wata-wata aka riƙa ba su na wata uku. Ba wanda ya koya mana yawancin wannan, wuya ce ta koya mana.

Yau ba rumfa, ba benci, mai tari da mai ciki da jariri duk layi ɗaya suke bi wajen yankar kati. Shi ne nake tambayar ma'aikatan lafiya da ke cikin zauren nan, da ma waɗanda suka yi jinya a lokacin: a wurinku me ya rage?

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Sista ki yi haƙuri, zan faɗi abin da ba za ki so ji ba. Ke kina tuna rumfa da bokiti, ni abin da nake tunawa ƙofa ce a rufe.

A farkon azumin shekarar mahaifina ya yanke jiki ya faɗi bayan la'asar. Yana da ciwon suga shekara goma sha ɗaya, kowa a gidan ya san alamarsa. Muka sa shi a mota ni da ƙanena, ga dokar kulle, kowane shinge sai mun buɗe ƙofar baya jami'an tsaro sun leƙa sun gan shi. Asibitin farko mai gadi ya ce ba likita. Na biyu, na kuɗi ne, an rataya kwado a get ɗin. Na uku wata ma'aikaciya ta fito ta tsaya daga nesa, ta tambaye ni ko yana numfashi da ƙyar. Na ce eh. Ta ce mu kira lambar masu korona. Na kira har cajin wayata ya ƙare ba a ɗauka ba. Muka mayar da shi gida, kafin sahur ya cika.

Don haka idan aka ce asibitoci sun sauya salon aiki, ni a ganina guduwa aka yi aka bar mu.

Mai Kula da Zaure:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Jama'a a ci gaba, amma don Allah kada a kama sunan asibiti ko ma'aikaci, kuma a tausasa harshe.

Likitan Ƙirji:
Allah Ya gafarta masa, Ya ba ku haƙuri. Ɗan'uwa ba zan ƙaryata ka ba, domin abin da ka faɗa ya faru, kuma ba a gidanku kaɗai ba. Zan dai faɗa maka abin da ke bayan ƙofar da aka rufe maka, ba don in wanke kowa ba.

A watan Janairun 2020, kafin korona ta iso, zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci biyu a Kano, kuma a wajen aiki suka ɗauka. Da wannan tabon muka shiga annobar. An samu mutum na farko a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu a Legas, a Kano kuma ranar 11 ga Afrilu. Ba a yi sati biyu ba ɗakin gwaji ɗaya tilo da jihar ke da shi ya tsaya da aiki na wasu kwanaki. Ka duba halin da likita yake ciki: ga mutum yana haki, ba hanyar sanin korona ce ko zuciya ce ko suga, takunkumin kirki guda ɗaya ne a aljihunka kana lallaɓa shi tun ranar Litinin. In ka taɓa shi daga baya aka gano yana da ita, kai da duk wanda ya yi aiki a ɗakin za a killace ku kwana 14. Na ga ranar da majinyaci ɗaya ya tura kusan duk ma'aikatan sashen gaggawa gida. Asibitocin kuɗi kuma an gargaɗe su cewa duk wanda ya kula da mai korona ba da izini ba za a rufe shi, sai da yawa suka ga gara su rufe da kansu.

A watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birnin Kano a wancan ɗan tsakanin, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana danganta su da korona. Kowa ya tsaya a kan wannan kason. Ni ragowar ne ke hana ni barci, domin a ganina da yawansu irin mahaifinka ne: masu hawan jini da suga da ciwon ƙoda, waɗanda cutar da muka san maganinta ta kashe su saboda muna tsoron wadda ba mu sani ba.

Ɗan Fagge:
Likita na ji bayaninka, kuma na gode da ba ka kewaye ba. Amma ko yatsansa ba a huda ba. Auna suga minti nawa yake ɗauka? Da ta miƙo mini na'urar ta taga ma da ni da kaina zan auna.

Nas Mai Aikin Dare:
Ba ya kai minti ɗaya, Yaya. Gaskiyarka ce, kuma ba ni da abin da zan kāre mu da shi a nan.

Abin da ya kamata a yi tun ranar farko shi ne abin da muka zo muka yi a makare, wajen ƙarshen Mayu. Muka share wani tsohon ɗakin ajiya kusa da get, mai tagogi ta kowane ɓangare, muka sa gado huɗu. Duk wanda ya zo da haki nan za a fara kwantar da shi, a auna suga da hawan jini da iskar da ke jininsa, a sa masa ruwa in yana buƙata, kafin sakamakon gwaji ya fito. Ma'aikaci biyu ne kawai ke shiga a kowane zubi, don in ta kama wani ba ta kwashi kowa ba. Rigunan kariya ba su ishe mu ba, sai muka sayo rigunan ruwa a kasuwa, mu wanke su da ruwan bilic mu shanya a rana. A zafin Mayu na Kano, in ka yi awa uku a cikin rigar leda, takalminka har ƙara yake yi saboda gumin da ya taru a ciki. Wata abokiyar aikina ta sume a tsaye tana azumi.

Abin da ya ba ni mamaki kuma ya ba ni haushi, fiye da rabin waɗanda muka kwantar a ɗakin a zamanina ba korona ke damunsu ba. Ɗaki ɗaya da gado huɗu. Da mun yi shi a Afrilu, da wataƙila nan za a kwantar da Baba.

Mai Ɗakin Gwaji:
Ni zan amsa tambayar Sista ta farko, domin a ɓangarenmu akwai abin da ya rage. Lokacin da cutar ta shigo, ɗakunan gwajin da ke iya gano ta a duk Najeriya ba su wuce biyar ba, Arewa maso Yamma ba ko ɗaya. Samfuri sai a sa shi a akwatin ƙanƙara a bi hanyar Abuja da shi. Daga baya hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, ƙarƙashin shugabanta na lokacin Chikwe Ihekweazu, ta yi ta buɗe sababbi har kusan kowace jiha ta samu nata, gidauniyar Ɗangote ma ta kawo na tafi-da-gidanka Kano. Wata dabarar kuma ita ce na'urar GeneXpert da muke gwada tarin fuka da ita. Tana nan a asibitoci da yawa, ma'aikata sun iya ta, sai kawai aka kawo mata kwanson gwajin korona.

Na'urorin suna nan, yaran da aka horar suna nan, waɗanda ba su bar ƙasar ba ke nan. Matsalarmu sinadarai da wuta. Sinadarin gwaji yana son sanyi ba yankewa, in janareta ya kwana ba mai, kayan miliyoyi sun lalace. Kuma a faɗi gaskiya, masu tarin fuka sun biya kuɗin wannan dabara, don mutane sun daina kawo majina gwaji, kowa na tsoron a ce tarinsa korona ne a tafi da shi.

Mai Shago a Kwari:
Ku yi haƙuri ma'aikatan lafiya, mu 'yan kasuwa har gobe muna da shakku. An rufe mana kasuwa, an hana Juma'a, amma waɗanda aka killace a Gombe mun ga bidiyonsu sun fito sun tare hanya suna zanga-zanga, da ƙarfinsu. Wane irin mara lafiya ne wannan? Ga kayan abincin tallafi da aka gano jibge a rumbuna a watan Oktoba. Ta yaya talaka zai yarda ba harkar cin kuɗi ba ce?

Likitan Ƙirji:
Alhaji, zancen rumbunan abinci ba ni da ta cewa, haushin da ka ji ni ma na ji shi. Amma na Gombe yana da bayani, kuma kuskuren tsari ne. Kusan kashi 80 cikin ɗari na masu kamuwa da cutar ba ta kayar da su, wasu ko atishawa ba sa yi. A farko duk wanda gwaji ya nuna yana da ita sai a kwashe shi a kai cibiya. Ka tara ƙarti masu lafiya a ɗaki, ba bayani, abinci ba ya zuwa a kan lokaci, iyalansu na gida ba cefane, dole su yi bore. Sun cinye gadaje da ma'aikatan da ya kamata a tanadar wa dattijon da ke haki. Daga baya aka gyara, aka ce mai sauƙi ya killace kansa a gida ana bibiyarsa ta waya.

Wani kuskuren da ya fi wannan, kowa ya kama zancen na'urar numfashi ta ɗakin kulawa ta musamman, saboda ita ake nunawa a talabijin daga Italiya da Amurka. Masu kuɗi suka yi ta ba da kyautarta. Ita kuwa tana buƙatar likitan da ya ƙware a kanta, da nas a gefe dare da rana, da wutar da ba ta ƙiftawa. Na san inda suke har yau a cikin kwalayensu. Abin da majinyatanmu suke buƙata iskar oksijin ce kawai, ta bututun hanci ko ta abin rufe fuska. Mai tsananin ciwo yana iya shanye babbar tukunya cikin 'yan awoyi. Na sha tsayawa ƙarfe biyun dare ina kallon allurar tukunya tana sauka, mutum uku na jira, motar da ta tafi ɗauko wasu ba ta dawo ba. A nan ne ake yanke hukuncin da ba a koya maka a makaranta ba. A zango na biyu na cutar, farkon 2021, gwamnatin tarayya ta amince da gina wuraren samar da iskar guda 38 a faɗin ƙasa. Da wannan ya kamata a fara.

Abubuwa uku ne suka fi ceton rai a hannuna, kuma duk masu araha ne. Ɗan ƙaramin abin nan da ake maƙala wa a yatsa ya nuna yawan iskar jini, domin cutar na da yaudara, mutum na hira da kai alhali iskarsa ta faɗi ƙasa da kashi 85 cikin ɗari. Sai kwantar da majinyaci rub da ciki, wanda ke buɗe bayan huhu, ka ga lambar tana hawa a gabanka ba ka kashe ko kwabo ba. Sai dexamethasone, tsohon magani da ke kowane kemis, wanda binciken jami'ar Oxford ya nuna a Yunin 2020 cewa yana rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'ura, da ɗaya cikin biyar ga waɗanda aka sa wa oksijin. Amma a kula, ga mai ciwo mara tsanani ba ya da amfani, yana ma iya tayar da suga. Kada wani ya karanta wannan ya je ya saya.

Baba Mai Ritaya:
'Ya'yana sannunku da ƙoƙari. Na yi shekara 35 ina malamin asibiti, bari in ɗan ja ku baya.

Shakkun da Alhaji ya kawo ba daga sama ya faɗo ba. A 1996 muna cikin annobar sanƙarau, yara kwance har a barandar asibiti, kamfanin Pfizer ya zo Kano ya gwada maganin Trovan a binciken da ya haɗa yara kusan 200, goma sha ɗaya suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a. Wannan na cikin abin da ya sa a 2003 aka ƙaurace wa rigakafin shan inna. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mun sha wuya kafin mutane su sāke buɗe mana ƙofa, kuma ba da takarda muka shawo kansu ba, da masu unguwanni da limamai da matan da ke shiga gida-gida ne.

To waɗannan mutanen na shan inna su ne suka yi rana a 2014. Da wani matafiyi daga Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka Legas da Ebola a watan Yuli, Dakta Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti duk da matsin da aka yi mata, ita ma ta kamu ta rasu. Cibiyar da ta bi sawun duk wanda ya yi hulɗa da shi, da tsarin shan inna da ma'aikatansa aka kafa ta. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, a watan Oktoba aka ce ƙasar ta fita. A korona ma su aka sāke kira. Ginin asibiti ana yinsa cikin kwana goma, Chaina ta yi a Wuhan. Ma'aikacin da unguwa ta sani ta yarda da shi kuwa, shekaru ake yi ana renonsa.

Ungozomar Karkara:
Baba Allah Ya ƙara lafiya. Ku duk zancen birni kuke yi. Ni a ƙaramin asibitin ƙauye nake, mu biyu ne da mai taimaka mini, kuma naƙuda ba ta san dokar kulle ba.

Ranar awo da nake ganin mata cike da rumfa, sai ta koma in ga shida ko bakwai. An baza jita-jita cewa duk wadda ta zo za a ce tana da korona. Sai suka koma haihuwa a gida, ba sa zuwa sai abu ya ɓaci. An kawo mini wata yarinya a amalanke, cikin fari, tana jijjiga, ƙafafunta sun kumbura tun wata guda ba wanda ya auna jininta. Na yi mata allurar da ke tsayar da jijjigar, amma motar da za ta kai ta babban asibiti sai da muka yi awa biyu muna nema. Allah Ya tashi kafaɗunta, jaririn ne bai zo da rai ba.

Bayan wannan na je wajen mai gari. Muka tara ungozomomin gargajiya, na ba kowacce lambar wayata, na koya musu alamomi huɗu da in sun gani su kira ni ko tsakar dare ne: kumburi da ciwon kai, zubar jini, naƙudar da ta wuce yini, da zazzaɓi bayan haihuwa. Aka samo mai mota ɗaya a garin, mai gari ya rubuta masa takardar wucewa shinge. Awo kuma na raba shi kwana uku a sati, a ƙarƙashin darbejiya. Sista kin tambayi abin da ya rage. Wannan ya rage. Har yau suna kirana, mai motar ma har yau shi ne.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum daga Nijar. Mu nan likita muke ce wa asibiti, kada ku ruɗe. An samu mutum na farko a Yamai ranar 19 ga Maris 2020, kuma cutar ta ɗauki har ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar a watan Mayu. Amma abin da ya fi tayar da hankali a wajenmu rufe masallatai ne, har aka yi tarzoma a Mirya da Yamai, kuma fushin ya shafi ma'aikatan likita, ana ganin su suka jawo.

Abin da nake ganin an yi daidai shi ne ba a saki zazzaɓin cizon sauro ba. Duk wanda ya san Magarya da damina ya san yadda sashen yara ke cika har a haɗa biyu a gado. Da an dakatar da rabon maganin rigakafin zazzaɓi na yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da asarar ta fi ta korona nesa ba kusa ba. Sai aka ci gaba gida-gida, mai rabo ya tsaya daga zaure ya miƙa wa uwa, ita ta ba ɗanta yana kallo.

'Yar Zangon Kumasi:
Sista, bokitin da kika fara zance da shi ɗan ƙasarmu ne. Wata ma'aikaciyar lafiya ta Gana, Veronica Bekoe, ita ta ƙirƙiro shi tun kafin korona da shekaru, shi ya sa muke kiransa da sunanta. A nan gwamnati ta yafe wa ma'aikatan lafiya harajin albashi na wasu watanni, kuma an yi amfani da jirage marasa matuƙi wajen kai samfurin gwaji daga karkara zuwa Akra da Kumasi. Amma bokitan namu ma yawanci sun koma na wanki.

Mai Goge-goge:
Ina karantawa tun ɗazu, ba na son magana cikin manya, amma ba wanda ya ambace mu. Ni shara da goge-goge nake yi a ɗakin kwanciya na maza. Likita ya shiga ya fito, nas ta shiga ta fito, ni nake kwashe aman da zanen gadon da kwandon allurai. Ranar da aka raba takunkumi aka ce na ma'aikata ne, mu 'yan kwangila ne. Ɗankwalina na naɗe a fuska na yi sati uku da shi. Da aka zo biyan alawus ɗin korona sunanmu bai fito ba. Matan gidanmu kuma suka hana 'ya'yansu shiga ɗakina, suka ware mini buta.

Nas Mai Aikin Dare:
Iya, wallahi kin fi mu gaskiya, kuma ina jin kunyar ban fara da ku ba. Akwai abin da sai a lokacin na gane. Asibitinmu na Hausa a kan mai jinya yake tsaye. Ɗan'uwan mara lafiya shi ke kawo abinci, ya sayo magani, ya juya shi, ya kai shi banɗaki, ya zo ya tashe mu in ruwa ya ƙare. Ranar da aka ce ba mai jinya a ɗakin killacewa, duk wannan aikin ya faɗo kanmu da ku. Nas biyu, majinyaci ashirin, ga ba wa tsoho kunu a baki cokali-cokali. Su Iya ne suka riƙa kama mana, ba aikinsu ba ne, ba a kuma biya su ba.

Kaɗaici kuma ya ci mutane. Akwai dattijon da ya daina cin abinci kwana biyu, ba ya magana. Na sa wayata a leda na kira babbar 'yarsa na kara masa a kunne. Ban san me ta ce masa ba, na dai ga hawaye, da yamma ya sha kunu. Daga ranar muka sayi ƙaramar waya ta ɗakin, bayan magariba a bi gado-gado da ita. Haka zancen gawa. Da farko mutane na ɓoye mara lafiya don tsoron a hana su yi masa sutura. Sai da aka zauna da malamai aka tsara yadda za a sallaci mamaci a binne shi bisa addini, 'yan'uwa kaɗan su halarta, sannan aka fara kawo mana su da sauran numfashi.

Likitan Ƙirji:
Iya ki yafe mana. Zancen alawus kuwa, kafin korona kuɗin haɗarin da ake ba likita a wata naira 5,000 ne. Shi ya sa ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta shiga yajin aiki a Yunin 2020, kan kayan kariya da wannan kuɗi, ko da yake an bar masu aiki a cibiyoyin korona su ci gaba. An ƙara daga baya. Amma cikin waɗanda muka yi aikin ɗakin killacewa tare, yau wasu na Ingila, wasu na Saudiyya. Wanda ya iya sarrafa iskar nan da hannunsa, ya san lokacin da za a juya majinyaci, ya tafi da iyawarsa. Wannan asarar ta fi ta rumfa.

Mai Shago a Kwari:
Likita na karɓi bayanin Gombe, ban taɓa jin sa haka ba. Amma da a lokacin aka yi mana shi a rediyo da Hausa, ba a tsaya karanto lambobi kullum dare ba, da an rage gardama.

Ɗan Fagge:
Na karanta duka, na kuma yi kuka a wajen labarin dattijon nan da wayar. Tambaya ɗaya ta rage mini, Sista, kuma ina son amsar gaskiya. In yau da daddare wata sabuwar cuta ta ɓulla, na kawo mahaifiyata tana haki, me zai faru a get ɗinku?

Nas Mai Aikin Dare:
An riga an gwada mu, Yaya. A 2021 amai da gudawa ya kama sama da mutum dubu ɗari a ƙasar nan, ya kashe fiye da 3,000. A 2023 mashaƙo ya zo, Kano ce ta fi kowace jiha yawan masu shi, yawanci yaran da ba a yi musu rigakafi ba. A na mashaƙo ban ga an rufe ƙofa ba. Mun san yadda ake ware ɗaki cikin yini ɗaya, mun san wa zai shiga wa zai tsaya a waje, tsoron ma bai kai na da ba. Don haka za a karɓe ta, za a auna ta. Wannan zan iya yi maka alƙawarinsa a zubina.

Abin da ba zan iya yi maka alƙawari ba shi ne kayan aiki. Ɗakin nan mai gado huɗu ya koma ɗakin ajiya, tsofaffin katifu ne a ciki. Takunkumin da ke kabad ɗinmu ba zai kai mu sati ba. Abin auna iskar yatsa guda ɗaya ne a sashen gaggawa, shi ma na wata nas ne da ta saya da kuɗinta, in ta tashi aiki da shi take tafiya. Ranar Litinin akwai taron sashe, zan tayar da zancen ɗakin, zan kuma tayar da na su Iya. Bokitin na riga na sa mai gadi ya zubar da sharar ya ɗauraye shi, famfo kawai za a sauya.

Ɗan Fagge:
To ki bar mini na yatsan. Duk azumi muna yi wa Baba sadaka ni da ƙannena, bana a nan za mu sa. Zan sayi guda uku da na'urar auna suga biyu, a ajiye su a teburin ƙofa, kada a kulle a ofis. Likita, wane iri ne mai ƙarko?

Likitan Ƙirji:
Allah Ya kai ladan kabarinsa. Na yatsa ka nemi mai amfani da ƙananan batura na rediyo waɗanda ake samu a kowane shago, kada ka sayi mai caji, kuma ɗaya ya zama na yara, don na manya ba ya kama yatsan jariri. Na suga kuwa kada ka saya sai Sista ta faɗa maka irin tsinken gwajin da suke samu a kusa da su, domin kowace na'ura da nata tsinken, in babu shi ajiye ta za a yi.

Nas Mai Aikin Dare:
Yau da dare ina aiki. Zan ɗauki hoton kwalin tsinken in turo maka kafin sallar isha'i.